Hannun Goggo Mai Ɗumi

Jiya a asibitin Dubeli na ga wata nas tana murza tafukanta, sai na tuna Goggo, ungozomar unguwarmu. Haka take ɗumama hannu kafin ta taɓa jariri.

Da na haifi bakwaini, ita ta ɗaure mini shi a ƙirji. Ta ce, "'Yata, kada ruwa ya taɓa shi tukuna."

Uwar mijina ta ce ƙazanta ce, ta kore ta, ta yi masa wanka. Sanyi ya kama shi, bai kai suna ba. Sai ta yaɗa wai Goggo mayya ce. Har Goggo ta rasu ba a sake kiranta haihuwa ba.

Allah ya haskaka kabarinki, Goggo. Uwar mijina kuwa ban yafe mata ba, sai mun tsaya mu uku a gaban Allah.