Shafi Bakwai na Dakta Barau

Malam Shitu na Gwangwan ya shekara goma sha ɗaya yana koyarwa a firamare kafin hukumar ilimi ta sake shi ya tafi jami'a a Kano, a shekarar 1988. Sharaɗi guda aka gindaya masa: in ya faɗi a shekarar farko ya dawo gida, kuma ba za a sake tura shi ba.

Ya tafi da irin karatun da ya sani. Mahaifinsa malamin zaure ne, a wurinsa kuwa ɗalibi ba ya taɓa lafazin malaminsa. Yadda aka ba ka, haka za ka mayar. Saboda haka da wani malamin jami'ar, Dakta Barau, ya raba musu takarda mai shafi bakwai a kan durƙushewar noman gyaɗa a ƙasar Kano, sai Shitu ya haddace ta, yana kai da komo a bayan ɗakin kwanansu bayan sallar asuba. Ranar gwaji ya zuba ta yadda take, har da wurin da mai tafireta ya tsallake layi.

Takardarsa ta dawo ba maki, sai jan biro da ke cewa ya zo ofis ranar Alhamis. Lukumanu, abokin ɗakinsa, ya daɗe yana duban rubutun, sannan ya ce ana zargin Shitu ya shiga ɗakin gwaji da takarda ne, kuma bara an kori mutum biyu a kan haka. Kwana uku Shitu ya yi yana jiran Alhamis. Yana ta tuna matarsa Turai, wadda ta riga ta gaya wa dangi har Rogo Ruma cewa maigida ya tafi digiri. Wanda ya faɗi jarrabawa yakan iya shiga masallaci da fuskarsa. Wanda aka koro da sunan sata kuwa, bai san inda zai sa tasa ba.

Ranar Alhamis ya tuɓe takalma a ƙofa ya durƙusa, ko da yake ya girmi Daktan. Aka nuna masa kujera, aka tambaye shi inda ya ɓoye takardar. Bai san yadda ake musu da malami ba, sai ya sunkuyar da kai ya fara karantowa da ka. Ya kai shafi na uku kafin aka ɗaga masa hannu.

"Malam, na yarda ba ka yi sata ba," in ji Dakta Barau. "Amma maganata ka dawo mini da ita, ni kuwa ina da ita. Gyaɗar gonarku, me ya kashe ta?"

Takardar Daktan ta ɗora laifin a kan fari da faɗuwar farashi. Shitu kuwa ya tuna shekarar da ganyen ya nannaɗe ya yi rawaya, aka tona ba a sami komai ba, mahaifinsa ya koma shuka dawa a gonar. Amma faɗin haka tamkar gaya wa malami ne cewa karatunsa da saura. Ya dubi takalmansa a bakin ƙofa.

"Allah ya gafarta malam, mu dai a wajenmu ruwa ya sauka a shekarar."

Daktan ya jawo biro ya ce ya ci gaba.

Aka ba shi mako guda ya rubuto abin da ya faɗa. Shafi biyu ya kawo, Turancin yana ɗingishi, kuma sun fi bakwai ɗin ba shi wahala. Ya sami maki arba'in da takwas, suka ishe shi ƙetarawa.

Da digirinsa ya dawo, aka tura shi sakandare a Rogo. Ɗalibansa sun ce in ka mayar masa da darasinsa kalma da kalma ba ya faɗa. Yakan saurara har ka dire, sannan ya tambaye ka me aka shuka bana a gonarku.