Mai Zare da Taswirar da Ba Ta Taɓa Gani Ba

Kowace safiya, kafin mu masu bincike mu iso, Mai Zare, wadda muke kira Yaya, ta riga ta wanke hannu, ta tsaya ƙarƙashin faifan ƙarfe mai ɗaruruwan huji. Kowane huji yana daidai da wani gungun taurari a sama. Aikinta shi ne cusa zaren gilashi, siriri kamar gashi, cikin kowane huji, domin idan an ɗora faifan a kan na'urar hangen nesa, haske ya biyo zaren ya iso gare mu. Da hasken nan muke zana taswirar sama, muna auna yadda sararin samaniya ya yi ta faɗaɗa tun farkonsa, muna neman gane ɓoyayyen ƙarfin da ke ƙara masa sauri.

Tun gashina yana baƙi take wannan tsayuwa, wuya a ɗage. Direbanmu shaida ne: ranar da zazzaɓi ya kama ta, sai da ta cika faifan sannan ta yarda ya kai ta asibiti. Ke ce allurar da ta ɗinke mana sama, Yaya.

Ranar sallamarta ta gaya mana ba gajiya ce ta kore ta ba; likita ya ce ganinta yana dusashewa, kuma ba zai dawo ba. Sai ta dube ni tana dariya.

"Malam, wai saƙar nan da muke ta yi, ta fito kuwa?"

Na ce, "Yaya, ba ki taɓa ganin taswirar ba?"

"Wa ya nuna mini? Kuna can bene, ni ina ƙasa kamar rogo."

Innalillahi! Taswirar da muka zaga duniya da ita, saukowa daga bene guda ta gagare ta. Har yau abin yana ɗaure mini kai.

Mun gode, Yaya. Masu tasowa, ku koyi haƙurinta. Mu na bene kuma, mu riƙa saukowa.

A ranar sallamar na ciro taswirar daga bangon ofishina, na shimfiɗa mata a kan teburin aikinta. Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa takardar, tana bin ɗige-ɗigen taurarin da yatsa, sai ta tsaya a wani fili da babu komai.

"Nan fa? Ba dai ni na tsallake ba?"

"A'a, Yaya. Haka Allah ya bar wurin."

"To, alhamdu lillahi," in ji ta. "Matso mini da fitilar."