Dona Ermelinda, Mai Saƙa Ba Sitaci

Zare goma sha ɗaya suka tsinke lokaci guda, masaƙar ta tsaya cak. Dona Ermelinda ta sunkuya za ta ƙulla, tari ya sarƙe ta har sai da ta dafa bango.

"Ke tsohuwa, a kan katakon nan kike so mu tsinci gawarki?" in ji maƙwabciyarta Graciete, tana bubbuga mata baya. "Ki shafa wa zaren sitaci kamar kowa mana!"

"In na shafa, jikarki ta sa me? Buhu?"

Benedita, jikar Graciete, da ciwon fata aka haife ta, tufafi mai ɗan tauri in ya goge ta sai fatar ta saluɓe. A duk kwarin kogin Ave, yadin Ermelinda kaɗai jikinta ke karɓa.

Kowane masaƙi ya san sitaci ke hana zaren tsaye tsinkewa. Ita Ermelinda ta ce ko an wanke sau goma, fatar mara lafiya tana jin sauransa. Shekara arba'in da uku ke nan, kullum da safe sai ta kwarara bokiti biyu na ruwa a daɓen ɗakin saƙarta, don danshi ya tausasa audugar. Danshin ya raya zare, ita kuma ya cinye mata huhu. Likita ya ce ranar Juma'a ta rufe ɗakin, ko a rufe ta.

Ke ce mai ƙulli dubu a yini, Ermelinda. Shekarar da gobarar daji ta ci ƙauyuka uku, mun ga masu jinya a layi a ƙofarki, kina yanka musu yadi kina korar masu godiya. Mun gode, ko da ba kya so. 'Yan matan Ave, kwana huɗu suka rage. Wadda ke da yatsu da haƙuri ta je ta zauna kusa da ita, don Benedita ba ta da wata fatar.

Ermelinda tana cikin ƙulla zare na tara wata farar mota ta tsaya a ƙofa. Wani mutum ya shigo ba sallama, ya ƙwanƙwasa katakon masaƙar da ɗan yatsa.

"Ɗanki da ke birnin Porto ne ya turo ni, Dona. Ya ce yau zan kwance masaƙar nan."