Ƙofofin Gidan Ambrose Tregear

Kowa a unguwar Balmain ta birnin Sidni ya san Ambrose Tregear ba ya ɗumama kujera. Ko shayi a tsaye yake shansa, yana kai-komo tsakanin taga da baranda.

Jirgin yaƙi ne ya mai da shi haka, wani siriri kamar wuƙa. Maƙeransa gudu kawai suka sa a gaba. Suka rage kaurin ƙarfen jikinsa har bai kai ɗan yatsa ba, suka cika cikinsa da tukwanen tururi, mutane kuwa kowa ya nemi inda zai raɓa. Ambrose a ɗakin wuta yake aiki, can ƙasa. Ɗakin sai an rufe shi ruf an hura masa iska kafin wuta ta ci, in ka buɗe ƙofa harshenta ya dawo kanka. Haka ya yi Yaƙin Duniya na Farko, ana farautar jirage masu nutso a tekun Adriyatik, shi yana kulle, yana jin bam na girgiza ƙarfen da ya jingina da shi.

Da ya dawo Sidni ya auri Dulcie, ya ɗauko guduma ya ciccire ƙofofin gidan kaf, ya jibge su a bayan gida.

"Kai Ambrose, gida ka kawo ni ko rumfar kasuwa?"

"Iska kyauta ce, uwargida. Sha abinki."

Ta yi dariya ta haƙura, don tana sonsa. Amma da aka haifi Ivy cikin sanyin Yuli, tsakiyar hunturun ƙasar, iskar teku ta riƙa ratsa ɗakin, jaririyar ta kama tari mai ban tsoro. Dulcie ta daina dariya.

"Baban Ivy, ko ka mayar da ƙofar nan yau, ko in ɗauke ta mu koma gidanmu. Ba zan binne 'yata don kai ka sha iska ba."

Ya mayar da ƙofar. Ya shiga ya rufe, ya gwada zama a bakin gado. Zufa ta karyo masa, numfashi ya gagara, ya fito a guje. Kunya ta kama shi, ya ja musu ƙofar a hankali daga waje.

Ivy ta warke, ta girma, ta yi aure daga gidan. Ubanta kuwa a baranda ya shimfiɗa bargonsa, nan ya riƙa kwana har ya tsufa, da ƙofa tsakaninsa da iyalinsa.