Ramin Takin da Baba Ya Hana wa Ruwa

Shekarar da ambaliya ta ci gonakin ƙauyenmu, can gefen Guci, ta kwashe baƙar ƙasar gonar Baba ta bar mana farin yashi, fes, kamar filin Idi. Ko tsidau ya ƙi fitowa. Ita kaɗai ce gonarmu. In ba ta yi gero ba damina mai zuwa, sai mu ci labari.

Da rani wani malamin gona ya zo daga Magariya a kan babur. Ya ce kowace unguwa ta haƙa rami guda ta haɗa taki: kara a ƙasa, kashin shanu a kai, toka, shara, a sake jerawa. Sannan a riƙa ba shi ruwa, a soka sanda a ciki. In ta fito da zafi, yana ruɓewa ke nan.

Unguwarmu ta yi gayya. Aka haƙa ramin a bayan gidanmu saboda muna kan tudu, aka danƙa wa Baba kula da shi. Maƙwabcinmu mai shanu, wanda muke ce wa Kawu, ya yi ta jidar kashin shanu a amalanke har jakinsa ya fara hararar mu.

Komai Baba ya bi, ban da abu ɗaya. Tun ambaliya ya ƙulla gaba da ruwa. Ko buta ce ta kife sai ya yi salati.

"Ruwa ya cinye min gona, kuma in ɗebo shi da hannuna in zuba wa taki?" in ji shi. "Ai wanke ƙarfin zai yi."

Ya rufe ramin da tsohon zana, ya kafa doka.

Ni kuwa aikina zubar da ruwan wanke-wanke. Inna ta ce in riƙa kaiwa gindin dogon yaro, wanda nisansa a wajena ya kai Makka. Ramin kuwa taku biyar ne. Kullum sai in waiga, in ɗaga gefen zana, in juye.

Bayan wata guda Kawu ya zo dubawa. Ya soka sanda a tsakiya, ya zaro, ya taɓa.

"Malam, takinka ya fi ruwan randa sanyi. Karan nan ko danga za a iya yi da shi."

Ya zagaya, ya soka a kusurwar da ke kusa da ƙofarmu. Sandar ta fito tana tururi. Ya tona da hannu, sai ga taki baƙi, mai laushi, yana ƙamshin ruwan farko.

Baba ya ce, "Wa ya zuba ruwa a nan?"

Na ce ƙila raɓa ce.

Kawu ya zaro wani abu daga cikin takin. Ludayin Inna ne, wanda ya ɓata sati uku da suka wuce, na rantse akuya ce ta cinye.

"Ƴar nan, raɓar garinku da ludayi take sauka?"

Baba bai dube ni ba. Ya tsuguna, ya cusa hannu a wurin, ya daɗe. Sannan ya tambayi Kawu bido nawa, wato jarkar ruwa, jakinsa yake ɗauka. Tun da na san hanyar ramin, ni aka haɗa da jakin, kullum daga rijiya zuwa rami kafin in tafi lakwal karatu.

Wata gudan nan ya riga ya tafi. Ruwan shuka ya sauka rabin ramin bai gama ruɓewa ba. Da aka raba wa gidaje, namu bai rufe ko rabin gona ba. Baba ya bi da shi danƙi-danƙi, kowane ramin shuka danƙi ɗaya. Inda takin ya kai, gero ya fi ni tsawo. Inda bai kai ba, ya tsaya a gwiwa yana kallon ƴan uwansa. Abin da muka girba ya kai mu bazara, da ƙyar.

Bana tun kaka Baba ya cika ramin. Shi da kansa yake zuba ruwan, yana yi yana salati.