Matar da Ta Zauna a Kan Takalmin Siddiƙa

Ana idar da sallar asuba, kafin masu koko su fito, Inna Haulatu ta riga ta hura wuta a ɗan murhunta da ke gindin darbejiya. Ba abinci take ɗorawa ba. Man shanu take narkawa a wata tsohuwar tukunya, ta barbaɗa masa garin saiwoyin da mahaifinta ya nuna mata, ta yi ta juyawa har ya yi yadda take so. Sai ta sauko da tsummokin da ta shanya jiya ta naɗe su ɗaya bayan ɗaya, ta fere karare guda shida, ta jera komai cikin wani shuɗin bokiti mai murfi. Shekara goma sha tara ke nan tana wannan hidima. Bokitin nan ya je Jos, ya je Minna, ya je garuruwan da ita kanta ba ta iya kiran sunansu daidai. Har gobe tana shirya shi kowace safiya, alhali wata bakwai ke nan babu wanda ya kira ta fili. Abin da ya sa aka daina kiranta shi ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ba da sanyin rai na ɗauka ba.

Ga wanda bai san ta ba, Inna Haulatu ita ce mai duba 'yan wasan Barewa, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta nan Daura. Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a, kowa ya ɗauka wasan 'yan mata ya mutu murus. Aka yi ta zama da iyaye da malamai, daga ƙarshe aka tsaya a kan sharaɗi uku: dogon wando, rufe kai, sannan ko yarinya ta faɗi ta karye a tsakiyar fili, namiji ba zai sa mata hannu ba. Wanda ya miƙe a taron ya faɗi na ukun nan da babbar murya, har da bugun ƙirji, shi ne Alhaji Dabo, shugaban ƙungiyar. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Faɗin sharaɗi ba wuya. Amma in yarinya ta faɗi, wa zai ruga? Aka duba gabas aka duba yamma, ba a samu mace ɗaya da ta yarda ba sai Haulatu, 'yar gidan maɗora, wadda ta tashi tana riƙe wa mahaifinta ƙafar masu karaya. Masu shirya gasa suka ce sai da takarda. Ta hau mota zuwa Katsina tana da shekara arba'in da ɗaya, ta zauna aji ɗaya da sa'annin 'ya'yanta, ta yi kwas ɗin taimakon gaggawa ta dawo da takardarsu. Daga ranar, duk inda motar Barewa ta nufa tana kujerar bakin ƙofa, bokiti a tsakanin ƙafafunta.

Mu 'yan kallo kuwa abin da muka saka mata da shi dariya ce. Da an hura usur an ce wata ta faɗi, sai ka ga dattijuwa ta tattare zani ta zuba a guje da silifas, bokiti na lilo, mu kuma mu ɗau ihu: “Ga motar asibiti nan!” Ni ma na yi wannan ihun, kuma yau ina jin kunyarsa. Yelwa, tsohuwar mai tsaron gidan Barewa wadda yanzu 'ya'yanta huɗu, ta gaya mini cewa a Minna ƙwallo ta taɓa goce mata babban yatsa har ya kalli baya. Inna ta iso, ko kallon yatsan ba ta yi ba, ta rufe ta da faɗa a kan safarta da ba ta wanke ba. “Ina cikin rantse-rantse cewa na wanke,” in ji Yelwa, “sai na ji ƙas! Na duba, yatsa ya koma wurinsa. Ta ce min, tashi ki tsare gidanki, ƙazama.”

Iyaye kuma ba Alhaji Dabo suke ba 'ya'yansu ba, kowa ya san wannan. Shekara uku da suka wuce Malam Kalilu, wani dillalin shanu daga Baure, ya kawo 'yarsa Siddiƙa bayan koci ya yi masa sintiri har ya gaji. Bai tsaya ofis ba, ya ce a kai shi gidan matar nan mai bokiti. A zaure ya tsaya ya ce: “Hajiya, ni ban san ƙwallo ba, ban san kocinku ba. Ke na ji labari. Da ƙafa biyu na kawo miki ita, da ƙafa biyu nake so ki mayar min da ita.” Inna ta ce: “Na karɓa, Malam. Allah Ya ba ni ikon riƙewa.” Iyakar takardar da aka yi ke nan tsakaninsu.

Sai ga kakar bara, wadda Daura ba ta taɓa ganin irinta ba. Barewa ta daɗe tana fama a rukuni na biyu, amma a bara sai ta tashi kamar an zuba mata fetur. Wasa goma sha huɗu ne a kakar. Kafin a kai na goma sha uku Siddiƙa ta zura ƙwallo goma sha ɗaya, duk da ƙafar hagu. Mutanen da a da ko sunan ƙungiyar ba sa son ji suka fara ɗinka hula mai launinta. Lissafi ya tsaya a fili: in Barewa ta ci wasan ƙarshe a gida, ta hau babban rukuni. Canjaras ma ba zai yi ba.

A wasa na goma sha uku wata 'yar baya ta sa wa Siddiƙa takalmi a ƙwaurin hagu. Ta tashi ta ƙarasa wasan tana ɗingishi, kowa ya ce targaɗe ne. Inna ta zaunar da ita, ta bi ƙashin da babban yatsa a hankali tun daga gwiwa. Da ta zo wani wuri yarinyar ta ƙwalla ƙara. Inna ta sake bi, ta sake tsayawa a wurin. Ta sami koci Harisu ta ce masa ƙashin ya tsage, a kai ta hoto, kuma kada ta taka ƙwallo sai bayan sati shida. Koci ya kai maganar ga Alhaji Dabo. Alhaji ya ce hoto sai bayan wasa. Kwana shida maganar tana yawo tsakaninsu, ba wanda ya kai yarinyar ko'ina.

Ranar Asabar, ana saura awa ɗaya a fara, 'yan wasa suna shiri a ajin makarantar da suke canza kaya. Alhaji Dabo ya iso bakin ƙofa da wani mai kemis riƙe da allurar kashe zafi. Ya yi sallama, Inna ta fito.

“Inna, ga allura nan, ki yi mata. Minti casa'in ne kawai, daga nan ta huta har shekara in tana so.”

“Alhaji, allura zafi take kashewa, ba ta ɗinke ƙashi. In ba ta jin zafin za ta taka da ƙarfi, ƙashin ya rabu biyu. Ba zan yi ba.”

“To ki matsa, shi ya shiga ya yi mata.”

Kun ji fa. Mutumin da ya bugi ƙirji gaban malamai cewa namiji ba zai taɓa yarinya ba ko ta karye, shi ne yau yake tura namiji cikin ɗakin da 'yan mata suke canza kaya, saboda maki uku. Shekara goma sha tara yana cin yabo da sharaɗin nan a kowane taro. Ranar da sharaɗin ya tsaya masa a hanya, ko minti ɗaya bai yi ba ya tsallake shi.

Abin da ya fi yi wa Inna ciwo ba Alhaji ba ne. Siddiƙa ce da kanta ta taso tana kuka. “Inna, don girman Allah ki bar ni. Ƙafata ce fa! Shekara uku ina jiran ranar nan. Ke ba ki san abin da ake ji ba, ba ki taɓa buga ƙwallo ba!” Maganar ta shigi Inna, waɗanda suke wurin sun ce sun ga idonta ya kawo ruwa. Ta sunkuya ta ɗauke takalman yarinyar, ta jefa cikin bokiti, ta rufe, ta ja shi tsakiyar ƙofa ta zauna a kai.

“Alhaji, ga ni ga ƙofa. Wanda zai shiga sai ya ɗaga ni. Kai ka ce namiji ba ya taɓa mace a ƙungiyar nan, to ni ma mace ce. Bismilla.”

Alhaji ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce gari gaba ɗaya yana jira, ya ce za ta gani. Koci Harisu ya tsaya yana kallon ƙasa kamar ya yar da wani abu. Mai kemis ya sulale. Inna ta juya ta kalli sauran 'yan wasan ta ce duk wadda ta ara wa Siddiƙa takalmi kada ta ƙara kiranta Inna, ba kuwa wadda ta motsa. Tana zaune a kan bokitin nan har lokacin miƙa sunaye ga alƙaliyar wasa ya cika, aka miƙa babu sunan Siddiƙa.

An tashi babu ci. Barewa ta rasa hawa da maki biyu.

Abin da garin nan ya yi wa matar nan bayan wasan, wallahi abin kunya ne. An bi ta da ihu har bakin titi. An ce tsufa ya taɓa mata kai, an ce baƙin ciki take yi da yarinyar, an ce ta ci amanar Daura. Masu faɗin haka ko sunan mahaifin Siddiƙa ba su sani ba. Washegari Inna ita kaɗai ta sa yarinyar a mota zuwa Katsina, yarinyar ko magana ba ta yi mata. Hoto ya fito, tsagewa ta bayyana daidai inda yatsanta ya tsaya. Likita ya ce da ta buga wasan nan, da sai dai a yi maganar ƙarfe a ƙafa, ƙwallo kuma sai a talabijin. An kai wa Alhaji Dabo hoton har gida. Ya ɗaga shi ya kalla, ya ce Allah Ya sawwaƙe, ya mayar cikin ambulan. Bai aika a ba ta haƙuri ba, kuma cikin masu ihun ban ji wanda ya je ba.

Sallamar ma ba a yi mata ita a fuska ba. Ranar tafiyar farko ta sabuwar kaka ta shirya bokitinta ta je inda motar ƙungiya take tsayawa, ta tarar mota ta tashi tun da hantsi. Mai shayin wurin ne ya gaya mata an ɗauki wata. Shekara goma sha tara, a bakin mai shayi ta ji an kore ta. Ta ce masa Allah Ya kai su lafiya, ta ɗauki bokitinta ta koma gida a ƙafa.

Inna Haulatu, yanzu da ke nake. Ke ce kika riƙe sharaɗin da masu bugun ƙirji suka saki. Ke ce kika yarda gari ya zage ki, yarinyar da kike karewa ma ta zage ki, da dai ki mayar wa uba 'yarsa a kan sanda. Mai hannun gado, uwar 'ya'yan mutane. Mun kira ki motar asibiti muna dariya, ashe duk filin nan ke kaɗai ce kika san cewa yarinya ta fi maki uku.

Ban ji wannan daga bakinki ba, Malam Kalilu ne ya ba ni labari a kasuwar shanu. Ya ce sati bakwai Siddiƙa ta yi a ɗakinki, kina ɗaure ƙafar kina kwancewa, kina shafa man nan safe da yamma, har fushinta ya huce ta fara cin abinci kwano ɗaya da ke. Ranar da ta taka ba ɗingishi kika sa ta a motar Baure. Da kuka sauka kika hana ta hawa babur, kika ce da ƙafa za ku ƙarasa, kowa ya gani. Kika yi sallama a zaurensa kika ce: “Malam, ga amanarka. Duba da kyau, biyu ne ko?” Ya ce min shi mai taurin ido ne, amma ranar sai da ya juya baya ya share fuska da bakin rawani.

Mun gode, Inna. Allah Ya saka miki da abin da mu muka kasa, Ya ba ki lafiyar gwiwoyin da kika ƙarar a guje saboda 'ya'yan wasu. Ku kuma da aka damƙa wa 'ya'yan mutane, a fili ne ko a aji ko a shago, in ranar ta zo da babba zai ce ku matsa, ku tuna matar nan ku nemi abin zama ku toshe ƙofa. Waɗanda suka yi mata ihu kuwa, gidanta ba ɓoyayye ba ne, kuma tana nan kowace safiya.

Asabar ɗin da ta wuce Siddiƙa ta ci ƙwallo biyu, duk da hagu. Fili ya ɗauki sowa, Alhaji Dabo ya miƙe yana ɗaga wa jama'a hannu kamar shi ya haifi ƙafar. Inna ba ta wurin, ba a gayyace ta ba. Da aka tashi yarinyar ba ta bi motar ƙungiya ba. Ta tako har gindin darbejiyar nan da takalmanta a hannu, ta buɗe shuɗin bokitin ta saka su a ciki, ta ce: “Inna, nan ne wurin ajiyarsu. Ranar da kika ce in buga, in zo in ɗauka.”