Ankon Zaman Gida

Shekarar kullen korona ina gidan Yayata a Jos, can bayan Tina Junction. Na zo jinyar ƙafarta ne, sai aka rufe hanyoyi ina can. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta kuma kowa yana garin da yake aiki, don haka mu biyu muka yi azumin shekarar.

Yaya tana da tela ɗaya tak da ta yarda da ita, wata matashiya Kirista, 'yar asalin tsaunukan nan, mai ɗan shago da keke guda. Ba ta kwaikwayon ɗinkin da aka nuna mata a waya. Nata take zanawa a littafi, kuma ba ta sa almakashi a yadi sai ta ga tafiyar mai shi. Sai ta ce ki je bakin ƙofa ki dawo, ita kuma ta zuba miki ido.

"Ke tela ce ko mai sayen saniya a Abattoir?" in ji Yaya duk ranar awo. Amma tana yin tafiyar.

Akan sassauta dokar wasu ranaku don mutane su sayo abinci. Wata irin ranar na je Farin Gada sayen kayan miya, na haɗu da telar. Bayan mun gaisa daga nesa ta ce mini tana neman mai sayen kekenta. Ba biki, ba suna, ba zuwa coci, wa zai yi ɗinki? Za ta koma ƙauye wurin iyayenta, ta taya su noman dankali.

Da na gaya wa Yaya sai ta kira ta a waya, ta ce za ta aika mata da ɗan abin da za ta riƙe kanta. Ina jin amsar daga inda nake zaune.

"Mama, na gode. Amma lafiyata ƙalau. Aiki ne babu."

Yaya ta ajiye wayar. Sai da muka sha ruwa ta ce, "Anko za mu fitar."

"Ankon me, Yaya? Wa ke aure?"

"Dole sai da aure? Na Sallah."

"Ai an ce ba inda za a je."

"To a zaune za mu sa. Ke da kike zaune yanzu, ba kaya a jikinki?"

Washegari ta bi matan layinmu a waya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ce tana da sabbin kaya a akwati, Yaya ta ce ta san su, tun suna sababbi ba su yi mata kyau ba. Maƙwabciyarmu ta dama, malamar asibiti mai ritaya, ta ce ita ba ta Sallah. Yaya ta tuna mata cewa ba ta taɓa mayar da tuwon Sallah ba. Ba wadda ta gaya wa dalilin ankon, kuma ta hana ni faɗa.

Zaɓen atamfar ya ci kwana uku. Kasuwa a rufe take, sai wani mai shago da ya kwashe kayansa zuwa gida ya riƙa turo hotuna. Idon Yaya ya yi rauni, gilashin wayarta kuma a fashe yake, amma ta ƙi karɓar tawa. Ta ce ni ko gishiri ban iya zaɓa ba. A ƙarshe ta tsaya a kan wata da ta kira mai natsuwa, ruwan ƙasa, ta manyan mata. Da aka kawo turamen muka buɗe, sai ga ruwan lemo shar, da manyan ganyaye shuɗaye.

Ta daɗe tana kallo.

"Ita na zaɓa," in ji ta.

Ranar awo telar ta tsaya a bakin ƙofar gida da takunkumi a fuska. Ta ƙi shigowa saboda ciwon sukarin Yaya. Ta wurgo mini tef, ni nake aunawa ina faɗa, tana rubutawa. Matan suka riƙa zuwa ɗaya ɗaya, kowace in an gama auna ta sai ta ratsa tsakar gida zuwa bakin rijiya ta dawo. Har malamar asibiti ta yi, tana mita cewa ko ranar aurenta ba a kalle ta haka ba.

Yaya ce ta ƙarshe. Tun da ƙafar ta matsa mata take dogara sanda, kuma telar ba ta taɓa ganinta da ita ba. Sai na ga ta jingina sandar a bayan ƙyaure, ta miƙe, ta ɗaga kai. Ta yi tafiyar nan har bakin rijiya kamar ba abin da ke damunta. Ni da na san abin da kowane taku ke ci mata, na kau da kai.

Telar ba ta rubuta komai ba.

"Mama, wannan ba tafiyarki ba ce."

"Ta wa ce? Aro na yi?"

"Ki ɗauko sandar. Na ga bakinta a bayan ƙofa. In na ɗinka wa wannan tafiyar, ba ke za ki sa rigar ba."

Na ɗauka Yaya za ta yi faɗa. Sai ta miƙo mini hannu, na ba ta sandar. Ta sake tafiyar a hankali, kafaɗar dama ta ɗan karkace, tana ce da telar ta kalla da kyau, don ba za a yi ta uku ba.

Ana gobe Sallah kayan suka iso. Atamfa ɗaya ce, amma ba ɗinki biyu da suka yi kama. Na Yaya, hannun dama an tsuke shi don kada ya riƙa kama kan sanda, an ɗage ƙasan rigar kaɗan ta gefen ƙafar, an kuma sa aljihu a hagu, wajen hannun da ya rage mata. Ta sa, ta zaga ɗaki, ba abin da ya harɗe ta. Abin da ta ce kawai shi ne wuyan ya yi faɗi. Bai yi ba.

Ranar Sallah da hantsi kowace ta fito da kujera ƙofar gidanta. Layin ya yi jawur da mu kamar an baje lemo a kasuwa. Muna gaisawa da ɗaga murya, ana tsokanar Yaya da ruwan ƙasarta. Wasu mata daga layin baya suka leƙo suna tambayar wa ya yi ɗinkin, Yaya tana ba su lambar wayar telar da ka.

Yaya ba ta kai ƙaramar Sallar shekarar da ta biyo baya ba. Ba zan yi dogon bayani a kan wannan ba. Allah Ya ji ƙanta.

Bayan an yi arba'in na bi ta shagon don in yi wa telar godiyar zuwa ta'aziyya. Na same ta a kan keke, yaduka jibge a gefenta. Ta tsayar da ƙafa muka gaisa, sai ta ce, "Anti, kin san na gane tun ranar, ko? Wa ke fitar da anko don zama a kujera?"

Na ce to me ya sa ta karɓa.

"Aiki ne ai. Na yi shi da kyau kuma."

Ta ce ranar da Yaya ta kira ta kan maganar ankon, mai sayen keken yana tsaye a shagon, har ya gwada shi. Ta ce masa ya bari ta gama wannan ɗinkin tukuna. Ya dawo sau biyu, kowane zuwa ya tarar da wani yadin a ƙarƙashin allura, daga nan bai sake zuwa ba.

Ta kwashe yadukan da ke kan benci ta ce in zauna. Na zauna, ta ci gaba da ɗinkinta.